Yadda Larabci ya buɗe mini ƙofar nazarin tarihin Yahudawa

Shehu Muhammad al-Magili, malamin da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ne ya ja ni zuwa wannan fanni. Da na bi sawunsa zuwa Tuwat, a Aljeriya ta yau, sai na tarar da rikicinsa da Yahudawan garin Tamantit wajen 1492, na kuma lura cewa abin da na karanta a kan lamarin daga alƙaluman malaman Musulunci kaɗai ya fito. Daga nan na ƙuduri niyyar sanin yadda Yahudawan Arewacin Afirka suka rubuta rayuwarsu da hannunsu.

A jami'o'i da dama na Amurka, nazarin Yahudawa cibiya ce da ta tara malaman tarihi da addini da adabi da harsuna, amma gurbin digiri na uku da kuɗinsa suna hannun sassan da malaman suka fito. Saboda haka ta sashen nazarin Gabas ta Tsakiya na nemi shiga, bayan na rubuta wa malamar da nake so ta duba aikina tun watanni kafin a rufe karɓar takardu a Disamba. Tallafin da na samu na shekara 5 ne: an yafe kuɗin makaranta, ana ba ni alawus da inshorar lafiya, ni kuma ina taimakawa wajen koyarwa. A Ingila kuwa samun gurbi daban ne, samun kuɗi daban, sai ɗalibi ya nemi tallafin karatu irin su Gates Cambridge ko Commonwealth, inda gasa take da tsanani ƙwarai.

Abin da ya ɗaga takardata, a ganina, shi ne Larabci. A 1897 wani masani Bayahude mai suna Solomon Schechter ya kwaso gutsattsarin rubuce-rubuce kusan 190,000 daga ma'ajiyar majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra da ke Fustat, tsohuwar Alƙahira, zuwa Jami'ar Kambirij. A cikinsu akwai wasiƙun fatake da takardun aure da na shari'a, kuma da yawansu Larabci ne da aka rubuta da haruffan Ibrananci. Wanda ya taso yana karanta ajami ba zai ga wannan baƙon abu ba. Haruffa 22 ɗin ba su ba ni wahala ba. Nahawun Ibrananci da rubutun hannun fatake masu gaggawa ne suka cinye mini lokaci, ga kuma jarrabawar karanta Faransanci, wanda da shi aka yi galibin binciken da ya shafi Magrib, wato Arewa maso Yammacin Afirka.

Babu wanda ya tambaye ni addinina a duk tsawon neman. Abin da kwamitin ɗaukar ɗalibai ya matsa a kai shi ne wace tambaya nake son amsawa, waɗanne takardu ne za su amsa ta, kuma a wane ɗakin ajiya suke. Kuɗin zuwa waɗannan ɗakuna ba ya cikin alawus, don haka kowace shekara sai na rubuta sabuwar buƙata ga cibiyar nazarin Yahudawa, tare da kasafin jirgi da masauki da biza.