Lokacin da Amurka ta sa masu zane a layin albashi

A 1933, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aikin yi. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ba zai sayi zane ya rataya a bango ba, don haka kasuwar masu zane da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo ta mutu murus. Gwamnatin shugaban ƙasa Franklin Roosevelt ta bi hanya biyu wajen tallafa musu.

Ta farko kwangila ce. Daga 1934, wani sashe na ma'aikatar kuɗi a ƙarƙashin Edward Bruce ya riƙa ware kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin gina sabon ginin gwamnati domin ƙawata shi, galibi gidajen waya. Ana sa gasa, kowa ya aiko da samfurinsa ba suna a jiki, alƙalai su zaɓa. Biya kashi-kashi ne gwargwadon ci gaban aiki. Ba a tambayar ko kai mabuƙaci ne.

Ta biyu ita ce ta fi burge ni, domin albashi ce. A 1935 hukumar WPA, mai samar wa marasa aiki aikin yi, ta ware dala miliyan 27 ga zane, kiɗa, wasan kwaikwayo da rubutu. Sharaɗin farko shi ne mutum 9 cikin 10 su fito daga rajistar masu karɓar agaji, wato sai ka tabbatar ba ka da ko sisi. A New York mai zane yana karɓar dala 23 da 'yan kai a mako. Da fari an tilasta musu sa hannu kullum kamar ma'aikatan ofis, abin ya ƙi tafiya, sai aka koma ga ƙa'idar kawo zane ɗaya cikin 'yan makonni, gwargwadon girmansa. Da wannan ɗan kuɗin Jackson Pollock da Mark Rothko, waɗanda daga baya suka zama shahararrun masu zane, suka riƙe sana'arsu tun ba wanda ya san su. A ɓangaren marubuta kuma, tsakanin 1936 da 1938 an ɗauki bayanan tsofaffin bayi sama da 2,300 daga bakinsu. Da an yi jinkirin shekara ashirin, da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya da labarinsu.

Inda aka samu matsala shi ne kuɗin ba shi da tushe mai ɗorewa, duk shekara sai majalisa ta amince. A 1939 'yan majalisa suka zargi sashen wasan kwaikwayo da Hallie Flanagan ke jagoranta da kwaminisanci, aka rufe shi ƙarshen watan Yuni. Dokar shekarar ta ɗora wa jihohi da garuruwa kashi 25 cikin 100 na kuɗin sauran sassan, ta kuma ce a sallami duk wanda ya yi wata 18 a jere. Zuwa 1943 komai ya tsaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sakacin ajiya. Zanen mallakar gwamnati ne, amma ba a yi masa cikakkiyar rajista ba, ba a kuma tanadi inda zai zauna in shirin ya ƙare ba. Na bango ya fi tsira tunda manne yake da gini. Na kan ƙyalle kuwa, an kwashi tari guda daga wani sito a New York an sayar wa dillalin tarkace a kan awo, kamar tsumma. Har yau hukumar GSA mai kula da kadarorin gwamnati tana bin sawun waɗanda suka ɓace a wuraren gwanjo da gidajen mutane.