Abin da Faifan Ajiya na Waje Ya Koya Mini a Aikin Ɗaukar Hotunan Littattafan Malamai

'Yan shekarun baya na karɓi aikin ɗaukar hotunan tsofaffin rubuce-rubucen hannu na wani gidan malamai da ke cikin garin Sakkwato, ba nisa da Hubbaren Shehu. Littattafan Larabci ne da waƙoƙin Ajami na Hausa da Fulfulde, akasarinsu warwara a cikin gafaka, waɗansu takardun kuma sun tsufa har ba a juya su sai da tattali. Tun da ana son kowane wasali da kowane ɗigo ya fito sarai, dole hoton ya zama mai nauyi, saboda haka ban cika wata biyu ina aikin ba kwamfutata mai gigabait 256 ta cika, ta soma nawa, har buɗe hoto ɗaya ya zama aiki.

Shawarar da kowa ya ba ni ita ce in sayi faifan ajiya na waje, wanda masu shagunan kwamfuta ke kira ekstanal. Na sayi mai terabait 1, amma da na jona shi sai Windows ta nuna mini gigabait 931, na kuwa yi zaton an cuce ni. Daga baya na fahimci cewa bambancin lissafi ne kawai, domin kamfanonin da ke ƙera faifan suna ƙirga da dubu-dubu, ita kuwa Windows tana ƙirga da 1,024, don haka babu abin da aka rage mini. Wannan ƙaramin darasi ne. Babban yana gaba.

A ranar da na kawo faifan gida na kwashe hotunan duka na mayar da su cikinsa, sannan na goge na cikin kwamfuta domin in samu wuri. Hankalina ya kwanta, ina ganin na adana aikina, alhali abin da na yi kawai shi ne canza masa ɗaki. Kwafi ɗaya nake da shi kafin in sayi faifan, kwafi ɗaya kuma nake da shi bayan na saya, sai dai yanzu yana cikin abin da ake ɗauka a jaka, a hau kabu-kabu da shi, a ajiye shi a bakin tebur. Na ci gaba a haka kimanin wata biyu, kullum na dawo in juye hotunan ranar daga katin kyamara zuwa faifan, in share katin.

Ban san yadda cikin faifan yake ba a lokacin, kuma da na sani da ban yi masa riƙon sakainar kashi ba. A cikin wannan ɗan akwati akwai faranti mai maganaɗisu da ke juyawa, a irin waɗannan ƙananan yawanci sau 5,400 a minti ɗaya, da wani siririn hannu wanda kansa ke shawagi a saman farantin yana karantawa yana rubutawa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi kaurin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan faifan ya bugu yana cikin aiki, kan na iya gogar farantin ya karce wurin da bayanai suke. Abin da ya same ni ke nan wata rana bayan la'asar, lokacin da na miƙe da sauri hannun rigata ya ja wayar USB, faifan ya faɗo daga kan tebur yana tsakiyar kwafe hotuna. Da na sake jona shi sai ya riƙa wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kwamfuta kuma ta daina ganinsa. Na yi ta cirewa ina mayarwa har dare, wanda mai gyara ya gaya mini washegari cewa shi ne mafi munin abin da zan yi, domin kowane kunnawa yana ƙara karcewar. Ya kuma bayyana mini cewa irin wannan lalacewa manhaja ba ta gyara ta, sai an buɗe faifan a ɗaki na musamman marar ƙura, kuɗin aikin ya ninka kuɗin faifan, kuma ba tabbas a dawo da komai.

Zuwa gaban dattijon gidan shi ne ya fi mini nauyi. Na durƙusa na ce, “Allah ya gafarta Malam, aikin wata huɗu ya salwanta a hannuna.” Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni, “Ɗana, ashe guda ɗaya ka rubuta?” Bai yi faɗa ba, sai ya sa aka ɗauko wata waƙa ya nuna mini kwafinta uku da hannu uku mabambanta, ya ce haka ɗalibai suke yi tun zamanin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, kowa ya zo karatu ya kwafi nasa ya tafi da shi garinsu, shi ya sa idan gara ko gobara ta ci na wani gida akan samu na wani. Na ji kunya ƙwarai, domin wata huɗu ina juya waɗannan takardu ina ganin maimaicin, ban taɓa tsayawa na yi tunanin dalilinsa ba.

Da na sake aikin sai na canza tsari. Kowane hoto yanzu yana da kwafi uku: ɗaya a faifan da nake aiki da shi, ɗaya a wani faifan da ba ya fita daga gida kuma ba na jona shi sai lokacin kwafi, na uku kuma a gidan yayana da ke Arkilla, nakan sabunta shi duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ajiya a intanet tana da kyau, amma tura ɗaruruwan gigabait da datar waya ya fi ƙarfina, don haka ƙananan kwafin hotunan kawai nake ɗorawa a can. Ba na share katin kyamara sai na buɗe waɗansu hotuna daga faifai biyu na tabbatar suna buɗuwa, domin na taɓa ganin folda da sunayen fayiloli cike, amma rabinsu ba su kwafu daidai ba.

Garinmu ma yana da nasa sharuɗɗa. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, faifan da aka bari a mota ko a hasken taga yakan yi zafin da ba a so, a lokacin hunturu kuma ƙura tana cika ramin USB har jonin ya riƙa yankewa. Ina sa shi a jaka mai soso, ba na motsa shi yana aiki, kuma ba na fizge waya sai na umarci kwamfuta ta sake shi, saboda wani lokaci tana nuna ta gama alhali akwai sauran abin da ba ta rubuta ba. Na daina kai shi shagunan buga takardu tun da na ga yadda bairos ke ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Faifan da nake yawo da shi yanzu SSD ne, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, ya fi jure faɗuwa, ya fi tsada, kuma shi ma yana iya mutuwa ba tare da gargaɗi ba. Na tsara shi a kan exFAT, wato tsarin ajiyar fayil da Windows da Mac duka suke karantawa, domin abokin aikina kwamfutar Mac yake amfani da ita, ga shi kuma tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4.

Yawancin abin da ya ɓace na sake ɗauka cikin wata uku, domin littattafan suna nan a gidan. Sai dai akwai ƙananan littattafai biyu da Malam ya aro mini daga wani abokinsa a Wurno, waɗanda aka riga aka mayar, mai su kuma ya rasu kafin in koma, magada suka raba kayansa. Na je sau biyu, an nuna mini gidan ɗan da ake zaton suna hannunsa, na kuma bar saƙo wurin limamin unguwar cewa duk ranar da ya dawo daga tafiya a kira ni in zo da kyamara.