Na je sayen bargo, na dawo da tsohuwar kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Garwa, Marwa da Ngaundere. Ina gaida iyaye da malamai. Yaya zafi? Mu nan Liyon ta Faransa sanyi ya sa mu a gaba.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar gwanjo neman bargo, sai idona ya faɗa kan wata tsohuwar kwamfuta ƙirar Thomson MO5, maɓallanta na roba, duk ƙura. Dattijon da ke sayar da ita tsohon malamin firamare ne. Ya ce irinta gwamnatin Faransa ta zuba a makarantu a 1985, lokacin Laurent Fabius yana firaminista. Telebijin ake jona mata, manhajarta kuwa a kaset take, irin wanda muke sa wa'azi a rediyon Baba. Ka saka, ka yi tagumi kana jira, in ta ƙi ka mai da shi baya ka sake.

Da na kunna ta a ɗaki, babu hoto, babu wasa. Sunanta da kalmar OK kawai suka fito, tana jiran in ba ta umarni da BASIC, yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. In ba ka rubuta ba, ko motsi ba ta yi. Haka yaran wancan zamani suka koyi haɗa manhaja, wasu ma neman wasa ne ya kai su.

Kada ku ce tarihin Turawa ne, ina ruwanmu. Kamfanin Acorn na Ingila, wanda ya ƙera kwamfutar BBC Micro a 1981, shi ya fito da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna ARM a 1985. Tecno ko Itel ɗin da ke aljihunka, jikar wannan ce ke aiki a cikinta.

Na tuna yaranmu masu gyaran waya a babbar kasuwar Garwa. Yaro ya kwance waya, ya tara ƙananan kusoshi a murfin kwalba, ya mayar da komai daidai. Hannu akwai, kai ma akwai. Sai dai wayar ta zo musu a kulle, ba ta taɓa ce musu "rubuta" ba, shafawa kawai ake yi.

Don cike wannan giɓi aka fitar da Raspberry Pi a Kambirij a 2012, kwamfuta kamar tafin hannu, mai araha. Na sayi biyu, zan ba mai zuwa gida da Sallah ya kai wa ɗan yayata da abokinsa. Wanda ke da tsohon telebijin mai ramin HDMI, don Allah kada ya sayar, don ta wannan ramin ake jona ta da telebijin.

Bargon dai har yau ban saya ba.

Naku a Liyon.