Tashar da ke cikin ƙwayar halitta

A duk abin da na karanta kan ƙwayar halitta, endosom ya fi burge ni. 'Yar jaka ce mai aikin tashar mota: kaya su shigo, a rarraba, kowa ya kama hanyarsa.

Wani furotin a fatar ƙwayar yakan cafke LDL, wato ƙunshin da ke ɗauke da kitsen kolestarol, daga jini, su nutse ciki tare zuwa endosom. Ruwan endosom na da ɗan tsami, sai furotin ya saki kayan. LDL ya wuce lisosom, wata jakar da ke narkar da kaya, a narkar da shi, furotin kuwa ya koma fatar ƙwayar cikin kamar minti goma.

Masana kimiyya biyu, Brown da Goldstein, sun samu kyautar Nobel a 1985 kan wannan bincike. Wanda aka haifa da furotin ɗin a lalace, ciwon zuciya kan kama shi tun yana matashi.