Ranar da aka ce in fita daga ɗakin taro

Firjin shagon maganin da muka je dubawa ne ya fara tayar mini da hankali. Ina buɗe shi ɗumi ya bugi fuskata, kamar na buɗe akwatin tufafi. A hawan sama akwai kwalaben insulin guda shida, ƙasa da su kuma kwalin allurar oksitosin, wadda ake yi wa mai haihuwa don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Dukansu ana so su zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na tambayi yaron da ke bayan kanta yaushe rabonsu da wuta. Ya ce yau kwana uku, janareta kuma sai da daddare ake tayarwa saboda tsadar mai. Na ce, ina mai lasisi? Sai ya ɗaga hannu ya nuna mini bango.

Lasisin na rataye cikin gilashi, tsaf da shi. Sunan da ke jiki kuwa na san shi kamar yunwar cikina. A ƙarƙashin mutumin nan na yi shekarar horona bayan na gama jami'a. Shi ya koya mini karanta rubutun likita, shi ya hana ni miƙa wa mutum magani ban dubi fuskarsa ba, kuma shi ne ya karɓa mini aure. Yaron ya ce sau ɗaya yake ganinsa a shekara, lokacin sabunta takardu. Yana can wani gari yana aikinsa. Shagon na wani ɗan kasuwa ne, yana biyansa wani abu duk wata ladan aron suna. Duk ɗan sana'armu ta harhaɗa magunguna ya san wannan ɗabi'a ta a yi rajista a kama gaba, kuma duk mun san doka ta hana.

A lokacin ni ne sakataren wani kwamitin duba shagunan magani a wata jiha. Mu tara ne a ciki. Aikina in fita tare da masu dubawa, in rubuta rahoto, in kuma ɗauki bayanin zama. Daren ranar na zauna gaban kwamfuta har kusan ƙarfe ɗaya, ina rubutawa ina gogewa. Abin da na bari a ƙarshe layi biyu ne: akwai 'yan gyare-gyare a ɓangaren ajiya, kuma ba a samu mai lasisi ba a lokacin ziyara. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, amma na san duk wanda ya karanta zai ɗauka mutumin fita sallah ya yi.

Ranar zama fayil biyu ne a gabanmu. Na farko na wani mai kemis ne daga wata unguwa a bayan gari. An kama shi da allurai da kafso na kashe ƙwayoyin cuta, alhali takardarsa ta ba shi damar sayar da ƙananan magunguna ne kawai, waɗanda ke cikin jerin da aka amince masa, a cikin kwalinsu na asali. Laifi ne, babu ja. Ba mu kai minti biyar a kansa ba. Wani ya ce a garƙame, kowa ya ce haka ne, na rubuta.

Da aka buɗe na biyu, ɗakin ya sake launi. Wani ya gyara zama ya ce ai wannan namu ne. Wani ya ce dattijo ne, ya bauta wa sana'a shekara talatin, a kira shi a gefe a yi masa hannunka mai sanda. Na kusa da ni ya ce a rufa masa asiri, Allah ya rufa mana namu. Ni dai kaina na sunkuye a kan takarda, ina jin wani sauƙi yana sauko mini.

Shugabarmu wata Hajiya ce da ta yi ritaya daga sashen magani na wani babban asibiti. Al'adarta ba ta buɗe baki sai kowa ya gama. Ta sauke tabarau, ta dubi layukan nan biyu, ta ce, "Malam Sakatare, kai ka je wurin?"

Na ce, "Ni na je, Hajiya."

"Mene ne a cikin firjin?"

Na faɗa. Ta tambayi kwana nawa babu wuta, na faɗa. Ta tambayi abin da yaron ya ce game da mai lasisi, shi ma na faɗa, muryata tana ƙanƙancewa. Sai ta ce, "Mene ne tsakaninka da shi?"

Na ce, "Ubangidana ne. Shi ya karɓa mini aure."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Allah ya saka masa da alheri a kan wannan. Miƙa wa na kusa da kai biro, ka ɗan jira mu a waje." Sannan ta juya ga sauran ta ce duk wanda ya san yana da irin wannan alaƙa da mutumin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya biyo ni. Mutum ɗaya ya tashi.

Na tsaya a baranda wajen minti arba'in. Da farko haushi ne ya cika ni, ina ganin an tozarta ni a gaban manya. Daga baya hankalina ya koma kan kwalin oksitosin ɗin. Na yi aiki a asibiti, na san yadda abin yake faruwa: ungozoma ta rubuta, miji ya ruga da gudu cikin dare ya sayo, a yi wa matar allura, jini ya ƙi tsayawa, a ce ƙaddara. Babu mai komawa ya binciki firji. Matar nan ba ta da ɗan aji a teburinmu, ba ta da wanda zai ce tamu ce. Shi ma mai kemis ɗin ba shi da kowa, shi ya sa aka gama da shi kafin shayi ya huce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da mudu biyu muka zo aunawa a tebur ɗaya, kuma ni ne na ɗauko na biyun daga gida.

Kafin wannan rana, duk lokacin da aka yi maganar lalacewar hukuma, cin hanci nake kawowa a raina. A shekarun da na yi a kwamitin, sau biyu kacal aka taɓa gwada tura mini ambulan, kuma mayar da ita ba ta yi mini wuya ba. Abin da ya kayar da ni kunya ce, da kara, da jin nauyin wanda ya yi mini rana. Halaye ne masu kyau, da su aka raine mu, da su zumunci yake tsaye. Shi ya sa suke da haɗari a wurin hukunci, domin mutum yana tauye haƙƙin wani yana jin kamar aikin lada yake yi.

Sai bayan haka na fara karanta dokokin sana'armu da idon basira. Na gane yawancinmu muna cuɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai ƙungiyar masu harhaɗa magunguna ta ƙasa, PSN, wadda aka kafa tun 1927. Ita tamu ce, aikinta kare mutuncinmu da nema mana haƙƙi, kuma daidai ne ta yi hakan. Akwai kuma hukumar PCN, wadda dokar soja mai lamba 91 ta 1992 ta kafa, aka sake mata doka a 2022 lokacin Shugaba Buhari, aka faɗaɗa sunanta daga ta masu harhaɗa magunguna zuwa ta harkar baki ɗaya, har da ƙananan ma'aikata da masu kemis da shagunan kansu. NAFDAC, wadda ta zo a 1993, maganin take dubawa. PCN kuwa mutumin da ke miƙa maganin da wurin da yake ajiye shi take dubawa, tun daga makarantar da ta koyar da shi har lasisin da yake sabuntawa duk shekara. Gwamnati ta ba ta wannan iko ne a madadin jama'a. Amma da yake yawancin masu zama a majalisarta 'yan sana'a ne, shugabannin tsangayoyi da daraktocin magunguna da wakilan ƙungiya, abu ne mai sauƙi mutum ya shiga zaman hukuma da zuciyar taron ƙungiya. Abin da ya faru a ƙaramin teburinmu ke nan. "Namu ne" magana ce ta ƙungiya, ba ta da mazauni a inda ake yanke hukunci.

A Birtaniya sun daɗe suna fama da wannan, har a 2010 suka raba gari: tsohuwar ƙungiyarsu ta ci gaba da zama muryar 'yan sana'a, aka kafa wata majalisa daban don sa ido, mai mutum 14, rabi 'yan sana'a rabi mutanen gari. Ba na cewa duk abin da aka yi can zai zauna daram a nan. Amma na yi imani da a ce ranar nan akwai malamar makaranta ɗaya ko wani tsohon alƙali a cikinmu, da wasu kalmomin ba su iya fitowa daga bakinmu ba. Idon baƙo yana sa mutum ya ji maganarsa da kunnen wani.

Hajiya ta koya mini wasu abubuwa ba tare da ta zaunar da ni ba. Ba ta taɓa kiran masu dubawa ta ce su je shagon wane ko su tsallake na wane ba. Ta ce wannan aikin ofis ne, namu mu tambayi ofis lissafi. Haka abin yake a sama ma: majalisa da shugabanta su tsara hanya su sa ido, magatakarda da ma'aikatansa su tafiyar da aikin yau da kullum. Duk inda shugaba ya fara raba wa ma'aikata aiki da kansa, ranar da aka yi ɓarna babu wanda zai tuhumi wani, don kowa hannunsa na ciki. Kuma tana da naci a kan bayanin zama har ya kan gundure ni. Sai an rubuta wa ya fita, ƙarfe nawa, saboda me, kuma a kan wace hujja aka tsaya. Wata rana lauyan wani da muka rufe wa shago ya rubuto wasiƙa mai zafi, wannan rubutun ne ya fitar da mu.

Akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya har yanzu. A Yulin 2015 gwamnatin tarayya ta rushe majalisun gudanarwa na hukumominta, a Yunin 2023 aka sake yin haka. Bayan na 2015 majalisun sana'o'in lafiya sun daɗe babu shugabanni. Irin waɗannan majalisu ba kujerun sakayyar siyasa ba ne. Daga cikinsu ake fitar da kotun ladabtarwa, don haka idan babu majalisa, ƙorafi sai ya kwanta a fayil, wanda ake zargi ya ci gaba da harkarsa, wanda aka yi wa ƙazafi kuma ya rasa inda zai wanke kansa. Ofis zai iya ci gaba da karɓar kuɗin rajista da garƙame kemis, amma ɗan sana'a mai lasisi ya sha. Mudu biyun nan ne dai suka dawo ta wata ƙofa.

Shi ya sa a Fabrairun 2024, da PCN da NAFDAC suka rufe shaguna fiye da 1,300 a Sabon Gari da kewayenta a Kano don 'yan kasuwar magani su koma cibiyar Ɗangwauro da ke hanyar Zariya, zuciyata ta rabu biyu. Na goyi bayan matakin. Wanda ya taɓa ganin katan-katan na magani jibge cikin rana a watan Afrilu ba zai yi musu ba, kuma an shafe shekaru ana ɗage wa'adin tashin irin waɗannan kasuwanni, da ta Idumota a Legas da ta Onica da ta Ariyariya a Aba. Amma na ji abin da 'yan kasuwar suke faɗa, cewa doka a kansu kawai take da haƙora. Hanya ɗaya ce ta rufe bakin mai wannan magana, ita ce ya gani da idonsa an hukunta mai digiri a kan abin da aka hukunta shi.

Da aka kira ni na koma ciki ranar nan, an riga an gama. An tsayar a rufe shagon har sai an samu mai lasisin da zai zauna a ciki, a kwashe abin da ke firjin a lalata, a kuma miƙa batun ubangidana ga masu ikon ladabtarwa. Hajiya ta sa aka sake buɗe fayil ɗin mai kemis, aka ƙara masa layi ɗaya, cewa a rubuta masa abin da zai gyara da ranar da za a koma dubawa, kamar yadda aka yi wa ɗayan. Ni kuma ta ce in sake rubuta rahotona yadda na gani. Da muka fito ta tsaya a bakin motarta ta ce, "Ɗana, ka je ka same shi da kanka kafin takarda ta riga ka. Kar ya ji a bakin wani."

Na je a ƙarshen makon. Ya saurare ni a zaure har na gama, bai ce komai ba sai "To, na ji." Bai raka ni ƙofa ba, abin da bai taɓa yi ba. Kusan shekara biyu gaisuwarmu ba ta wuce ta hannu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza. Matata ta sha tambayata ko ba yadda za a yi, ni kuma ban daina zuwa gaishe shi da sallah ba, ko da zaman minti biyar ne.

Wata shida bayan rufewar na koma shagon tare da masu dubawa, wannan karon a matsayin mai rakiya kawai, wani ne ya riƙe biro. Wata yarinya da ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba ce ta tarbe mu cikin farar riga, lasisinta a bango. An sa wa firjin sola. A jikin ƙofarsa an manna takarda mai layi-layi, safe da yamma, kowane layi da sa hannunta. Na buɗe na duba ma'aunin da ke ciki, yana kan digiri 5.