Je Ka Shafa Bangon Tukuna

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni. Yaron kirki ne, ba laifi. Shekara huɗu yana tara bulo a wani fili da ya saya can bayan Rijiyar Zaki, yanzu an yi rufi, an yi filasta, aurensa kuma saura wata guda. Muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida sai ya miƙo min waya. "Kawu, dubi aikin wannan mai fentin." Na sa tabarau. Gidaje ne reras, wani ruwan toka, wani ruwan madara, sai ƙyalli suke kamar an lashe su. Na ce a ina ka san shi? Ya ce a Facebook. Na ce ka taɓa ganinsa ido da ido? Ya ce sun yi magana ta bidiyo. Na ce yaushe aka gama filastar? Ya ce yau kwana tara. Mutumin kuma ya ce a tura masa kashi 70 cikin 100 na kuɗin, ya sayo kaya, jibi ya fara.

Muna tsakiyar Agusta, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Na ajiye wayar, na ɗaga kai na dubi bangon gidana, don shi ne shaidata.

A 2012 na yi irin wannan wautar, kuma ni a lokacin ba yaro ba ne, furfura ta fara fito min. Shekarar ce aka tashi da rigimar cire tallafin mai a watan Janairu, lita ta bar naira 65 ta tsaya a 97, komai na kasuwa ya bi ta. Azumi ya faɗo cikin damina, ƙaramar Sallah ta kama 19 ga Agusta, kuma duk wanda ya san shekarar ya san irin ruwan da aka yi, har ambaliya ta cinye garuruwa a faɗin ƙasar nan. Ni kuwa na ƙara ɗaki biyu, na sabunta katanga, filasta ko mako biyu ba ta yi ba. Maƙwabcina ya riga ya yi wa gidansa fenti tun kafin ruwa ya sauka. Ga masu neman auren babbar 'yata za su zo bayan Sallah. Na ce wallahi ba za su same ni a gida mai launin siminti ba.

Akwai wani dattijon mai fenti da ya yi aikin masallacin unguwarmu. Shi na fara kira. Ya zo a kan kekensa, bai ko tambayi kalar da nake so ba. Ya ɗora tafin hannunsa a bango ya yi shiru, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ya ciro mukulli ya ɗan karce wajen gindin katanga, ya leƙa ƙarƙashin indararo. Sannan ya ce, "Alhaji, bangon nan bai sha iska ba. A bari sai ruwa ya ɗauke." Na ce Sallah fa? Ya ce, "Akwai wata Sallar a gaba." Da na matsa masa ya faɗi kuɗin aiki, sai na ji ya yi tsada. Na ce to, zan neme ka. A raina kuwa cewa na yi tsufa ne ya sa shi nawa, kuma yana so ya ja min rai.

Kwana biyu bayan nan wani abokin aikina ya turo min ƙanin matarsa. Saurayi tsaf-tsaf, baki kamar zuma, ga kundin hotuna a hammata. Kun ji ko? Kundin hotuna. Don haka in na yi wa ɗan ƙanwata dariyar Facebook, kaina nake yi wa, bambancin kawai nawa hotunan na takarda ne. Ya zagaya gidan sau ɗaya, bai taɓa bango ba, ya ce kwana huɗu an gama, kuɗin kuma kusan rabin na dattijon, har da kaya. Na ba shi kashi biyu cikin uku a take, a zaure, ba takarda, ba shaida.

Amma a yi min adalci. Mutum ya zo ta hannun abokin da muka yi shekara goma a ofis ɗaya. An kira sallah ya riga ni shiga sahu. Yana azumi ina azumi, ya ce min tsakaninsa da Allah zai yi aiki. Wa zai ce masa kawo rasit? Kuma kuɗin da ke hannuna ke nan, ga kayan Sallar yara, ga hidimar baƙi. Da na bi ta dattijon, da sai na ci bashi. Har yau in na tuna, wani lokaci nakan ce ba laifina ba ne, zamani ne ya lalace. Sai kuma in tuna abin da na gani da idona na kau da kai.

Ga abin da na gani. Kayan sun iso bayan magariba a a-kori-kura, bokitai masu lita 20, murafensu duk an taɓa buɗewa. Washegari na fito zan tafi aiki, na tarar da yaronsa ya raba bokiti ɗaya gida biyu, yana tuttula ruwan tankina da jarka, yana juyawa da guntun katako. Ya ɗaga katakon, fenti ya zubo tsululu kamar kokon da aka tsinka wa yara da yawa. Na ce wannan fa? Maigidan nasa ya yi dariya ya ce, "Haka ake yi, Alhaji, sai an sirka." Gaskiya ne ana sirka fentin ruwa, amma da ɗan kaɗan, kuma gwargwadon yana rubuce a jikin bokiti. Ni da nake karanta jarida kullum ban sunkuya na karanta ba. Da na sunkuya ma, da na ga fentin cikin ɗaki ne, ba na waje ba. Ba su goge bango da samfefa ba, ba su share ƙura ba, ba su cike tsaga ko ɗaya ba. Akwai gidan zanzaro a saman tagar ɗakin yara, rola ta bi ta kansa ta wuce, ya zama ƙullutu mai ruwan madara. Gaban gida shafe biyu, bayan gida shafe ɗaya, wai ai ba mai zuwa can. Daren kwana na biyu aka tafka ruwa. Da asuba na fito masallaci, kwatar ƙofar gidana fara fat.

Duk da haka ranar Sallah gida ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Masu yawon Sallah suna ta sam barka. Surukai suka zo suka tafi, aka sa rana. Na riƙa jin kaina, har na ce wa uwargida, kin ga da na biye wa tsohon nan.

Kafin hunturu ya shiga sosai, gindin katanga ya fara fitar da wani farin gari kamar kanwa. Sai fentin ya yi bororo, ya kumbura wuri-wuri, yaran unguwa suka samu abin wasa, suna ɓare shi kamar ɓawon albasa. Wata Juma'a na jingina da bango ina jiran abokin tafiya, sanye da shuɗiyar shadda. Sai da na isa masallaci wani bawan Allah ya taɓa ni ya ce, "Alhaji, ko daga injin niƙa kake?" Bangon gabas, inda ruwa ke duka, damina ɗaya ta wanke shi har siminti ya leƙo. Ƙofar ƙarfe da tagogi kuwa, da saurayin ya karɓi kuɗin fentin mai ya ce zai dawo bayan Sallah, har yau bai dawo ba. Waya a kashe. Na je wa abokin aikina, ya ce shi haɗa mu kawai ya yi. Muka yi shekara biyu gaisuwarmu daga nesa. Na kai maganar wurin mai unguwa, tambayar farko da ya yi min ita ce ina takarda, ina shaida. Na sunkuyar da kai.

Sai bayan damina biyu na haɗiye girman kai na koma wa dattijon. Bai ce min ai na gaya maka ba, wanda da ya faɗa da ya fi min sauƙi. Kwana biyar yaransa suna kankare tsohon fentin, kuɗin kankarar kaɗai ya kusa abin da na ba wancan. A bakinsa na ji cewa sabon siminti yana riƙe da ruwa, kuma yana da wani kaifi da ke cin fenti ta ciki, shi ya sa ake barin filasta aƙalla kwana 28, da damina ma fiye. Ruwan da aka rufe a ciki dole ya nemi hanyar fita, shi ne bororon, shi ne farin garin. Kafin ya buɗe bokiti sai da ya sa aka gyara indararo biyu da ke zubar da ruwa a jikin bango, aka toshe tsagar da ke kan rawanin ginin. Ya fara da shafen firaima, wato na ƙasa da ke sa fenti ya kama bango, sannan fentin waje shafe biyu, yana barin na farko ya bushe kafin na biyu. A watan Nuwamba ya yi aikin, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. Da sassafe suke farawa, suna bin inuwa suna zagaya gida, don in rana ta gasa bango fenti yakan bushe kafin ya kama. Na so kala mai duhu ya hana ni, ya ce ranar Kano ba ta barin kala mai duhu, sai ta koɗar da ita. Kakanninmu ma da suke shafe soraye da makuba, ai bayan damina suke gyara, ba a tsakiyarta ba. Mu ne da muka samu siminti muka ɗauka mun fi ruwa wayo. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Aikinsa ya dusashe, amma ko yau ka shafa bangon hannunka zai fito ba gari.

Na yi niyyar in jero wa ɗan ƙanwata shawara goma, ku ma samari ku ɗauka. Da na buɗe baki sai na ga ba su kai ba.

Kar ka yarda da hoto. Kowane fenti yana da kyau ranar da aka gama shi, har nawa. Ka ce wa mai fenti ya nuna maka gidan da ya yi wanda ya ci damina biyu. Ka hau mashin ka je, kai kaɗai, ka shafa bangon gabas da tafin hannu, ka dubi gindin katanga, ka yi sallama da maigidan ka tambaye shi ko an gama a kan lokaci, ko an dawo neman ƙari. Amma ku yaran yanzu, tafiyar minti ashirin ta fi ƙarfinku, ku dai a turo muku a waya kuna kwance. Mutum zai tura dubban ɗaruruwa da babban yatsa ga wanda bai san ƙofar gidansa ba, amma a ce ya je Ƙofar Ruwa ya tambayi farashin bokiti a shago uku, sai ya ce rana.

Ka sayi fentinka da kanka, murfi a liƙe, ka karɓi rasit, ka karanta jikin bokitin ka ga na waje ne, a buɗe shi a gabanka. Kuɗin hannu daban, a biya shi kashi-kashi, kaso mai tsoka kuma ya zauna a aljihunka har a gama shafe na biyu a bayan gida. Ko da yake, in gaskiya za a faɗa, dattijon nan shi ya sayo nawa, ban bi shi kasuwa ba, don da na je ni kaɗai da jabu za a liƙa min, akwai masu ɗura na banza a bokitin kamfani. To ku tafi tare. Ko ka bar masa in ka yarda da shi. Yadda za ka san wanda za ka yarda da shi kuwa, ni dai abu ɗaya na riƙe: wanda ya ce maka a'a. Wanda duk abin da ka faɗa ya ce an gama, Alhaji, kwana huɗu, ka raka shi bakin ƙofa.

Kar ka ɗauki ɗan uwa ko na ɗan uwa, don ranar da aiki ya ɓaci ba ka da bakin magana. Amma kuma kar ka ɗauki wanda ba ka san asalinsa ba. Na san maganar ta ci karo da juna, ku je ku sasanta ta, ni ma ban gama ba. A rubuta komai a takarda, bango nawa, shafe nawa, wa zai cike tsaga, wa zai kawo tsani, da shaidu biyu. Takarda ba ta hana macuci cuta, amma tana hana ka sunkuyar da kai a gaban mai unguwa.

Na ce wa yaron ya bar bangon waje da launin simintinsa, a ɗaura aure, amarya ta tare, in ya so a Nuwamba in kai shi wurin wanda ya koyi aiki a hannun dattijon, yana nan yana sana'ar. Ya yi shiru yana jujjuya waya. Can ya ce, "Kawu, ai ita ta riga ta zaɓi kala, ƙawayenta ma sun gani." Na ce ƙawayenta ne za su biya kuɗin kankara? Ya yi murmushi ya ce, "To, Kawu, zan duba." Na san wannan to ɗin, na taɓa yin irinta a zauren nan.

Iska ta taso, yayyafi ya fara sauka. Ya taya ni naɗe tabarma, ya ruga ya tayar da mashin. Har ya kai bakin layi na ƙwala masa kira na ce kar ya tura ko sisi kafin Litinin, zan zo in ɗora hannu a bangon da kaina. Ya ɗago min hannu bai waiwayo ba.