An maka kamfani a kotu: a sayar ko a riƙe?

Da zarar labari ya fito cewa an kai wani kamfani ƙara, zaurukan WhatsApp na masu hannun jari a Gombe sai su ɗau zafi, kowa na neman dillalinsa. Yawanci adadin kuɗin da ke kanun labarin ne ke firgita mutane, alhali wannan abin da mai ƙara ya nema ne kawai. Abin da za a biya a ƙarshe daban.

A watan Agustan 2018 Babban Bankin Najeriya ya umarci MTN ya dawo da dala biliyan 8.1 da ya ce an fitar daga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Farashin hannun jarin uwar kamfanin ya rufta a kasuwar Johannesburg, MTN ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Legas, zuwa Disamba aka sasanta a kan kusan dala miliyan 53. Tarar da hukumar sadarwa ta NCC ta ci shi a 2015 ma daga naira tiriliyan 1.04 ta sauko zuwa biliyan 330, kodayake wannan ɗin ya yi wa kamfanin illa sosai.

Kafin ka taɓa komai, gano matakin da maganar take. Shigar da ƙara ce, hukunci ne, ko an ɗaukaka? Shari'a a ƙasar nan kan yi shekaru kafin ta kai Kotun Ƙoli. Karanta sanarwar kamfanin a shafin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, sannan ka buɗe rahoton shekara, wajen bayanan ƙarshe inda ake lissafa shari'o'in da ke kotu. Idan kamfani na ganin zai sha kaye, yakan ware kuɗin tun da wuri, ke nan an riga an cire su daga riba. Auna adadin da ake nema a ƙarar da ribar shekara ɗaya.

Labarin da ya cancanci tsoro shi ne wanda ya taɓa lasisi, ko umarnin rufe asusun banki, ko matakin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari. A 2017 an daskarar da farashin hannun jarin kamfanin mai na Oando tsawon watanni saboda bincike.

Gaggawa ma ba ta cika fitar da mutum ba. A NGX farashi ba ya faɗuwa fiye da kashi 10 cikin 100 a rana, don haka ranar firgici masu sayarwa kan yi layi babu mai saye, odarka ta kwana, gobe ta tarar da farashin ya ƙara sauka. In kuma daga baya ka dawo saye, ladan dillali sau biyu ka biya.